Waisake a Kan Sikeli

"Ɗari da goma sha biyu!" Unaisi ta faɗa da ƙarfi, yadda har na bakin hanya za su ji, sannan ta duƙa ta rubuta a takardarta.

Rumfar filin jirgi ta kaure da dariya. Haka abin yake duk ranar Alhamis. Wanda zai shiga ƙaramin jirgin nan mai kujera takwas sai ya fara hawa sikelin da ake auna busasshiyar kwakwa, shi daban kayansa daban. Unaisi kuwa, wakiliyar kamfanin jirgin a tsibirin, ba ta iya raɗa ba. Rabin masu zuwa rakiya, jin nauyin maƙwabta ne yake kawo su.

"Taubashi!" Sekove ya ƙwala daga jikin ginshiƙi. "Ɗari da sha biyu? Ashe kai ne kake cinye gwazar da muke kai wa fasto. Unaisi, ki ce wa matuƙi ya ɗaure shi da igiya a ƙarƙashin jirgin, in ba haka ba yau a teku za ku kwana."

"Rigar ce," in ji Waisake, yana saukowa.

"Rigar ce! Ku ji fa, jama'a. Rigar ce ta yi tumbi."

Rigar kuwa ba ƙarama ba ce. Baƙar rigar sanyi ce mai kauri har gwiwa, tsohon hedimasta ne ya ara masa. Ta ƙi shiga jaka, sai Waisake ya sa ta a kan sulunsa, zanen maza na zuwa coci, ga rana ta fito bayan ruwan kwana uku, ƙasa sai tururi take. Zufa tana bin gadon bayansa har cikin takalmi. Da wata rana ce da ya rama, don Sekove ɗan kawunsa ne, kuma yayan marigayiyar matarsa Salanieta, tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da an tsokani juna ba. Yau dai hankalinsa ba ya wurin.

Ran Lahadi ne, bayan an tashi daga coci, ya hau tudun bayan makaranta inda waya take kamawa, kiran 'yarsa Litiana ya shigo daga Landan.

"Baba, jinina ya hau. Likita ya ce ba za su jira watan ya cika ba. Litinin ta sama za su yi mini aiki su ciro yaron."

"Ilaitia fa?"

"Sun ce ba za su sake shi ba sai ƙarshen wata."

Mijinta soja ne a rundunar Ingila, kamar 'ya'yan gidaje da yawa a tsibirin, kuma an tura shi aiki wata ƙasa. Can sai Waisake ya ji ta ce, "Baba, tsoro nake ji."

Rabonta da faɗa masa wannan maganar tun tana 'yar shekara shida, ranar da guguwa ta ɗauke musu rufin ɗaki. Ita kaɗai Allah ya ba su. Uwarta ta rasu shekara huɗu ke nan. Takardun tafiyarsa sun daɗe da fitowa, da niyyar sai bayan wata biyu zai je ganin jika, sai Litiana ta sa aka matso da tikitin. Matan ƙauye suka yi ta yi masa dariya, wai ina aka taɓa ganin namiji ya je zaman jego. Ya bar su suka yi ta yi.

Hanyar ya haddace ta kamar addu'a. Sa'a ɗaya a ƙaramin jirgi zuwa Suva, babban birni. Sa'a huɗu a bas zuwa Nadi. Gobe Juma'a babban jirgi, sa'a goma zuwa Singafo, a sauka a yi ta jira, sannan wani jirgin sa'a goma sha huɗu zuwa Landan. Shi da bai taɓa hawa abin da ya fi kwalekwale mai inji gudu ba. Hedimasta ya nuna masa a jikin ƙwallon taswirar duniya na makaranta. Ya ɗora yatsa ɗaya a kan Fiji, ya zagaya da ɗaya hannun ta baya ya ɗora a kan Landan, kamar mai rungumar kabewa. "Ka gani? Da za ka ƙara gaba kaɗan, to ka fara dawowa gida ke nan." Duk wannan doguwar tafiyar kuma a kan ƙaramin jirgin nan ta rataya, wanda sau ɗaya yake zuwa a mako. Jirgin ruwa sai wata-wata. In ya rasa na yau, Litinin za ta zo ta wuce yana kan tudun bayan makaranta da waya a hannu.

"Kayan Waisake!" in ji Unaisi. "Jaka, tara. Saura kuma... ku ɗoro. Ku ɗoro duka. Sittin da huɗu!"

Jakar ce kawai tasa. Sauran saƙon mutane ne. Tun da labari ya bazu cewa Baban Litiana zai tafi Ingila, ƙofarsa ba ta huta ba. Tabarmi biyu a naɗe. Kwalaben man kwakwa goma sha ɗaya. Ƙyafaffen kifi a cikin gwangwanin biskit. Garin rogo, zuma, zannuwa. Sai babban ƙunshin saiwar yangona, wadda ake dakawa a jiƙa a sha a taron manya, daga Ratu Peniasi, sarkin garin, zuwa ga ɗansa da ke bariki a Sikotlan. Gwaggo Mereoni, ƙanwar mahaifinsa, ta kawo kwalba uku na jikanta.

"Gwaggo, ai shi yana Kanada."

"To? Ba duk can ba ne? In ka fito coci ran Lahadi sai ka tambaya, wani zai nuna maka gidan."

Ba a cewa a'a. Ɗan gari ba ya kallon idon wanda ya girme shi ya ce ba zan ɗauka ba. Da hannu biyu ake karɓa, a tafa sau uku, a ce za a isar. Sauran kuwa fasto ne ya ja shi gefe ya koya masa, don shi ya taɓa fita waje. Babban jirgi kilo talatin kawai yake yarda da shi, kuma kifi da zuma ko an kai su can ƙwacewa ake yi a zubar. Saboda haka in ka isa Suva sai ka nemi ɗan'uwa mai faɗin ƙarƙashin gado, ka tura kayan, ka wuce da abin da za ka iya. Kowa ya rabu da kowa lafiya. Waisake har ya riga ya yi magana da wani ɗan ƙanensa mai tuƙa tasi a can.

Ƙarar jirgi ta taso daga yamma. Ya sauko ta kan itatuwan kwakwa, ya dira a kan ciyawa, laka ta yi tsalle ta ɓata masa ciki. Matuƙin, wani siririn mutum mai baƙin tabarau, bai nufo rumfa ba. Sai da ya taka filin tun daga nan har can ƙarshe, yana danna dunduniya a ƙasa yana duba ramin da ta bari. Tun kafin ya dawo Waisake ya san ba lafiya.

"Anti Unaisi, filin nan ya zama kunu. Da wannan nauyin ba zan tashi ba, sai dai mu je mu aske kwakwar can. Ki rage mini kilo sittin." Ya nuna gabas da haɓa. "Kin ga hadarin can? Minti ashirin na ba ki."

Unaisi ta bi takardarta da biro. Sauran fasinjoji bakwai ba wanda ya riƙe abin da ya wuce 'yar jaka. Ta ɗago ta dubi tulin kayan, ta dubi Waisake.

"Yaya Waisake, ina ganin saƙon nan..."

Aka yi gyaran murya daga kan tabarma.

A gefen rumfar aka shimfiɗa ta, Ratu Peniasi yana zaune a kai ya tanƙwashe ƙafa, da mafici a hannu. Ya zo da kansa ne saboda ƙunshinsa. Duk wanda ke kusa da wurin a zaune yake a ƙasa, wanda zai gifta kuwa sai ya ranƙwafa yana ba da haƙuri, don kan kowa ba ya wuce na Ratu. Ratu ba ya magana a bainar jama'a. Bakinsa shi ne Apakuki, dattijon da ke zaune a hagunsa, wanda kuma kawun Unaisi ne, shi ya riƙe ta bayan rasuwar iyayenta.

"'Yata," in ji Apakuki a hankali, "wannan da kike kira kaya, ba kaya ba ne. Gaisuwar gari ce zuwa ga 'ya'yanta. An miƙa, an karɓa, an tafa a gaban Ratu. Abin da aka tafa wa ba ya komawa gida." Ya ɗan dakata. "Nawa kika ce matar Semesa ta yi ɗazu?"

Unaisi ta yi kamar ba ta ji ba.

"Da ke nake."

"Hamsin da bakwai, Kawu. Da jakarta sittin."

"To, kin ga Allah ya kawo sauƙi."

Ido ya koma kan Makelesi, matar Semesa. Tana zaune can bakin rumfa a kan buhun wasiƙu, da ambulan mai ruwan ƙasa a cinyarta. Ba 'yar tsibirin ba ce, aure ya kawo ta daga tsibirin Kadavu shekara uku da suka wuce, mijin kuma yana aikin jirgin kamun kifi, sau ɗaya yake zuwa a shekara. Ba ta da uba a nan, ba ta da yaya. Kowa ya san abin da ke cikin ambulan ɗin, don a tsibirin ba a ɓoye komai. Nas ta taɓa wani ƙullutu a ƙirjinta, ta rubuta wa babban asibitin Suva, sai da aka yi wata biyu kafin su ba da rana. Ranar ita ce gobe da safe.

Makelesi ta miƙe a ranƙwafe, ta ɗauki jakarta.

"Ba komai, Kawu," ta ce, idonta a ƙasa. "Sai in bari sai mako mai zuwa."

Abin da Waisake ya fara ji sanyi ne a ransa, wannan ba zai musa ba ko a gaban Allah. Kujerarsa ta tsira, ba wanda ya ɓata wa, gobe war haka yana cikin babban jirgi. Sai dai sanyin bai daɗe ba. Ya dubi gwangwanin biskit, ya dubi kwalaben man da za su shekara a ƙarƙashin gadon mai tasi har su yi tsami. Salanieta ma da "mako mai zuwa" aka fara mata.

Yana durƙushe a gefen tabarma kamar kowa. Ya ji muryarsa ta fito tun bai gama shawara ba.

"A'a."

Mafici ya tsaya a hannun Ratu.

"Ranka ya daɗe, a yi mini haƙuri," in ji Waisake, kansa a sunkuye. "Ta koma ta zauna. Kayan su tsaya."

Apakuki ya waiwaya hagu da dama kamar mai neman inda sauro yake kuka. "Wa ya yi magana? Na ji kamar muryar gidan masunta. Tun yaushe gidanku ya fara sa baki in manya sun yanke?"

"Ni ne, Kawu. Ni aka ba saƙon, ni kuma na ce ba zan ɗauka ba."

"Taubashi," Sekove ya ce ƙasa-ƙasa, babu wasa a muryarsa, "rufe bakinka ka shiga jirgi."

"Madalla," in ji Apakuki. Bai ɗaga murya ba. "Ɗan aike ya ƙi aike. To ai shi ke nan, abin ya ma fi sauƙi. Unaisi, soke sunansa. Ɗari da sha biyu ta fi sittin. Matar Semesa ta tafi asibitinta, kayan su tafi Suva, ɗana zai tarbe su ya nemi mai kunyar da zai kai. Shi kuma ya zauna ya huta, mako mai zuwa in ya koyi magana sai a duba."

Unaisi ta ɗora bakin biro a kan takardar. Waisake ya san ta tun tana rarrafe, ya kuma san a gidan wa take cin abinci. Za ta soke. Ba don mugunta ba, don ba ta da yadda za ta yi.

Sai ya miƙe. Ba a ranƙwafe ba, tsaye sosai, har gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya bi ta gaban tabarmar Ratu bai ba da haƙuri ba, wata tsohuwa ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo!" Ya ture tabarmi da kwalabe gefe ɗaya da ƙafa, a hankali don kada su fashe, ya hau dandamalin siminti, ya hau sikelin. Allura ta yi lilo ta tsaya. Yanzu kansa ya kusa taɓa kwanon rufi, duk rumfar tana ƙasansa, har da Ratu.

Dokar kamfani ce, in aka canza lissafi sai an sake auna abin da zai shiga a gaban matuƙi kafin ya sa hannu. Sikeli kuwa ɗaya ne a tsibirin.

"Sauko," in ji Apakuki.

"Ba zan sauko ba."

"Waisake, kana tsaye a kan Ratu."

"Na sani, Kawu. Amma ba zan sauko ba sai yarinyar nan ta rubuta cewa ni da matar Semesa za mu shiga."

Bai iya magana a taro ba. A coci ma in aka ce ya rufe da addu'a, layi uku yake yi ya ce amin. Ya share zufa da hannun rigar hedimasta, ya dubi bango maimakon fuskokin mutane.

"Ran Litinin za a tsaga cikin 'yata. Ita kaɗai, a garin da ba wanda ya san sunan uwarta. Ta ce mini tana jin tsoro. Kwana biyu zan yi a sama kafin in kai gare ta, kuma ni ma tsoron nake ji, tun Lahadi ban ci abincin kirki ba, duk da abin da sikelin nan yake faɗa. In kun hana ni jirgin nan, ba ni da wata hanya. Ba zan iya iyo zuwa Landan ba." Ya ja numfashi. "Kayan nan kuma, ku yafe mini, amma ba inda za su. A Suva za su tsaya. Babban jirgi ba ya ɗauka. Sikotlan ba bayan cocin Landan take ba, Kanada kuma wata duniya ce daban, teku ne a tsakani. Duk wanda ya taɓa tafiya a cikinku ya sani. A ƙarƙashin gado ake barin su. Ni ma abin da na shirya yi ke nan. To a kan abin da za a tura ƙarƙashin gado ne za a sauke mace mai ciwo?"

Wasu maza biyu da suka taɓa zuwa Ostareliya tsinkar 'ya'yan itace suka shiga kallon yatsun ƙafarsu.

"Ƙarƙashin gado?" Muryar Gwaggo Mereoni ce, siririya. "To man da na ba fasto bara ya kai wa yaron nan fa? Ya ce mini ya ji daɗinsa."

Fasto, wanda ya zo yin addu'ar tafiya, ya buɗe littafinsa ya shiga neman wani shafi.

Wannan ta fi komai yi wa Waisake zafi. Tsohuwar da hannunta ta kankare kwakwar nan, ta tace, ta dafa. Ya so ya sauko ya durƙusa a gabanta. Ya danne ƙafafunsa a kan ƙarfen.

"Minti goma," in ji matuƙi daga bakin rumfa. Ya cire tabarau yana kallo.

"Za ka dawo dai," in ji Apakuki, yanzu muryar ta yi kauri. "Ingila ba ta riƙe baƙo. Ka tuna gonar yangonarka a ƙasar wa take. Ka tuna wa zai haƙa maka kabari."

"Zan dawo, Kawu. In kun karɓe gonar, kun karɓe. Kabari kuwa, in na fara wari za ku haƙa."

Apakuki ya ɗaga hannu ya yafito wasu majiya ƙarfi uku da ke jingine da tarakta. "Ku sauko mini da shi."

Suka dubi juna. Ɗaya ya tako taku biyu ya tsaya. Dukansu Waisake ne ya koya musu jefa taru.

"Ku sauko da wa?" Sekove ne. Ya taso daga jikin ginshiƙin yana dafe da ƙugu. "Wannan? Ɗari da sha biyu? Ku bari, yara, ba ku yi aure ba tukuna, kada ku karya bayanku a banza." Wani ya yi dariya ya maza ya toshe baki. Sekove ya ranƙwafa, ya gifta ta gaban tabarma yana ba da haƙuri yadda ya kamata, ya durƙusa gaban tulin kayan ya zaro gwangwanin biskit. "Ranka ya daɗe, ni dai kifina zan ɗauka. Dama tun jiya nake nadama. Kwana biyu ina ƙyafa shi, a ce wani mai tasi ne zai cinye a Suva? Litiana 'yar ƙanwata ce. In wannan ƙaton bai je ba, wa zai je? Ni ko takalmi ba ni da shi."

Ya rungumi gwangwaninsa ya koma ya zauna.

Sai matar hedimasta ta taso ta ɗauki tabarmarta. Wani ya ɗauki zumarsa. Gwaggo Mereoni ta zo da sandarta, ta tsince kwalabenta uku ɗaya bayan ɗaya ta ƙulle a bakin zani, ba ta ɗaga kai ta dubi ɗan wanta ba. Wasu kuwa ba su taɓa nasu ba, suka naɗe hannu suna jiran su ga abin da Ratu zai yi.

Ratu Peniasi ya ajiye mafici. Ya miƙe a hankali, duk rumfar ta ƙara duƙawa, ban da mutum ɗaya. Bai dubi Waisake ba, bai dubi ƙunshin yangonarsa da ke yashe a kan siminti ba. Ya gyara sulunsa ya fita ta bayan rumfa ya kama hanyar gari. Da ya yi faɗa da ya fi sauƙi. Apakuki ya naɗe tabarmar da kansa ya bi shi, da ya zo daidai Unaisi ya ɗan tsaya, sannan ya wuce. Kusan rabin mutanen suka bi bayansu.

Unaisi ta share ido da bayan hannu. Ta duba allurar sikeli kamar ba ta riga ta gani ba.

"Waisake, ɗari da sha biyu, jaka tara," ta ce. "Makelesi, sittin da jaka. Saƙo babu." Ta miƙa wa matuƙi takardar ya sa hannu. "Yaya, sauko haka nan, ka lanƙwasa mana sikeli."

Ya sauko. Ba a yi addu'ar tafiya ba, ba a yi waƙar ban kwana ba. Fasinjoji suka bi ciyawa a jere, laka tana kama musu takalma. Sekove kaɗai ya biyo su har bakin shingen waya, da gwangwaninsa a hammata.

"Taubashi! In namiji ne a sa masa sunana!"

"Allah ya kiyaye! Yaron ya taso ba ya iya kama ko kaguwa?"

"Tafi can, mahaukaci. Zan duba maka gonar, in sun bar ta."

Matuƙi ne ya raba wurin zama, ya sa Waisake a tsakiya daidai fiffike, Makelesi a gefensa ta jikin taga. Ciki ya yi zafi kamar tanda, ga warin mai. Bel ɗin kujera ya ƙi kaiwa saboda rigar, sai da ya riƙe numfashi. Ya saci kallon Makelesi. Bai ce yana jiran godiya ba, amma ya ɗauka za ta ce wani abu. Ita kuwa rumfar take kallo, inda 'yan tsirarun da suka rage suke tsaye cirko-cirko.

Farfela ta fara juyawa.

"Baban Litiana," ta ce, ba ta juyo ba, "yaushe za ka dawo?"

"Wata uku, in Allah ya yarda."

"Ni Alhamis mai zuwa."

Duk tsayuwar da ya yi a kan sikelin nan, wannan bai zo masa a rai ba. Shi zai kasance a bayan duniya. Ita ce za ta sauko a rumfar nan bayan kwana bakwai, da duk abin da likita ya faɗa mata, ta bi ta ƙofar gidan Apakuki zuwa famfo safe da yamma.

"Ki ce musu ni ne. Ba ruwanki, ke har kin tashi."

"Sun san kai ne. Amma ni za su riƙa gani."

"To... kina so in yi wa matuƙi magana? Bai rufe ƙofa ba tukuna."

Sai a lokacin ta juyo ta dube shi. Ta danna ambulan ɗin a cinyarta da tafin hannu biyu.

"In sauka? Wata biyu ina jiran takardar nan. Su zo su sauke ni."

Aka rufe ƙofa. Jirgin ya juya, ya tsaya yana kaɗawa kamar mai zazzaɓi, sannan ya zabura. Laka tana dukan cikinsa, kujeru suna ƙara, itatuwan kwakwar ƙarshen fili suna tahowa da gudu. Waisake ya damƙe kujerar gabansa da hannu biyu, ya runtse ido, yana kiran sunan Allah da na 'yarsa a haɗe. Can ya ji jirgin ya ɗaga sama, ƙarar laka ta ɗauke.

Wata gwiwar hannu ta zungure shi a haƙarƙari.

"Buɗe idonka, Baban Litiana," in ji Makelesi. "Wannan fa shi ne gajeren zangon."